Mamman Turke, Ɗan Damben da Ya Ƙi Dafa Ƙasa

Da kakar bana shekara takwas ke nan da muka binne ƙanena Mamman, wanda mutanen Matameye da kewaye suka fi sani da Turke. Ɗan dambe ne, mahauci ɗan mahauci. Ni ne wansa, ni ne kuma na ɗaure masa hannu tun daga dambensa na farko har na ƙarshe. Lokacin da ya rasu ko sunana ban iya rubutawa ba. Sai daga baya, a wajen cirani a Kano, na shiga ajin yaƙi da jahilci, na yi ta bi a hankali, rani bayan rani, har hannuna ya faɗa. Tun da yanzu ina iyawa, na ga gara in ba da labarinsa da kaina, domin makaɗa rabi suke faɗa, su bar rabi.

Ga mai karatu da bai taɓa tsayawa a dandalin dambe ba, ga yadda abin yake a wajenmu. In an gama girbi, gero ya shiga rumbu, an sayar da gyaɗa, sai mu mahauta mu ɗauki wuƙaƙenmu da makaɗanmu mu riƙa bin ƙauyuka. Da safe yanka, da la'asar dambe. Hannu ɗaya ake naɗewa da tsumma, a bi shi da igiya mai ƙulli har ya koma kamar kan taɓarya. Ɗaya hannun a buɗe yake, da shi ake kare fuska. Sau uku ake karawa, kowace karawa muna ce mata turmi. Babbar dokar guda ce: wanda hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa, shi ke nan, an gama da shi. Ba mai ƙara taɓa shi. Ko abokin karawarsa ya riga ya ɗaga hannu, dole ya sauke. Saboda haka a dambe ƙasa abin kunya ce, amma ita ce kuma mafaka. Duk ɗan damben da ya daɗe a duniya ya san ranar da zai dafa ta, ya sha ihu, ya tashi ya karkaɗe jikinsa, baɗi ya dawo.

Mamman bai taɓa dafawa ba.

Gajere ne ƙwarai, kansa bai wuce kafaɗata ba, ga ƙafafu gajeru masu kauri, ga wuya kamar na bijimi. A Kurni ya fara shiga dandali. Wanda ya fito masa wani dogo ne da ya riga ya yi suna a ƙauyukan nan. Da ya dube shi sai ya kece da dariya, ya ce, "Kai yaro, aiken nama aka yi maka ka ɓace hanya?" Da kalangu ya ɗauka sai Mamman ya sunkuya, ya shige ta ƙarƙashin hannun dogon, ya zuba masa naushi a haƙarƙari. Mutumin ya lanƙwashe yana neman numfashi, Mamman ya tare bakin da na biyu. Ƙarar ta yi kamar an fasa ƙwarya. Da muka koma masauki ina kwance masa hannu, sai na tarar da guntun haƙori ya maƙale a cikin igiyar. Na nuna masa. Ya karɓa, ya juya shi, ya jefar, ya ce yunwa yake ji.

Daga nan aka fara. Tsauni, Kance, Ɗan Barto, har Damagaram, sannan muka riƙa ƙetare iyaka zuwa Daura da Kano in mun tafi cirani. A wajenmu ba a auna mutane kafin dambe. Wanda ya fito maka shi ne naka, ko ya ninka ka biyu. Mamman kuwa kusan kowa ya fi shi girma, don haka ya koyi shan duka kafin ya sami kusanta. Zai bar ka ka sauke masa hannu a ka, sau ɗaya, sau biyu, yana matsowa, har ya shigo inda dogon hannu ba ya amfani. In ya shigo nan, to sai addu'a.

Ba zan yi wa mamaci ƙaryar da bai nema ba. A gida mutum ne mai sanyi, mai son wasa da yara, ba ya iya ganin an doki jaki. Amma a dandali babu tausayi a idonsa, kuma yana jin daɗin abin. A Damagaram ya karya wa wani muƙamuƙi, mutumin ya yi rani guda yana shan kunu da tsinke. A Daura ya fasa wa wani saurayi ido, na ga ruwan idon yana bin kumatunsa gauraye da jini, uwarsa tana birgima a bayan taro. Akwai wani a Kance da har yau ba ya ji da kunnen hagu, in mun gamu a kasuwa sai ya juya mini na dama mu gaisa. Waɗannan duka da hannun da na ɗaure aka yi su. Makaɗa ba sa ambaton sunayensu.

Nomau makaɗi ne ya raɗa masa suna. A Damagaram ne, ranar da wani ƙato ya yi turmi biyu yana jibgarsa, yana girgiza amma bai gusa ba, a na uku kuma ya kayar da ƙaton. Nomau ya matse kalangu a hammata ya kwarma ihu: "Turke! Turke mijin Hajara! A ɗaure doki gare ka, a ɗaure raƙumi! Tafin hannunka bai san ƙasa ba sai a salla!" Taro ya ɗauka. Kafin mu dawo gida sunan ya riga mu isowa. Yara suna faɗa a titi, mata suna faɗa a bakin rijiya. Na yi murna a lokacin kamar kowa. Amma daga ranar mutane suka daina zuwa kallon ko Mamman zai ci. Zuwa suke su ga ko yau ce ranar da zai dafa. Ƙofar da take buɗe ga kowane ɗan dambe, shi an rufe masa ita da kirari.

Shekaru suka yi ta tafiya a haka. A ranin da ya zama na ƙarshe, a Kano, ya sha wani naushi a gefen kai, kunnensa ya yi ta zubar da jini. Ya ci damben, amma bai koma yadda yake ba. Da damina muna noma sai in ga ya tsaya ya dogara da hauya, ya rufe ido. Matarsa Hajara ta same ni ta ce da safe in ya tashi sai ya riƙe bango kafin ya iya fita. Na tare shi a mahauta muna feɗe akuya, na ce ya huta bana. Ya dube ni yana murmushi, ya ce, "Yaya, Hajara ce ta ara maka bakin nan? Mayar mata, bai yi maka kyau ba." Na ce to in ma zai shiga, in ya ji abin ya yi yawa, ya dafa. Ba shi ne na farko ba. Sai murmushin ya ɗauke. Ya ce, "In na dafa, wa zai dawo gida? Ai ba Turke ba." Ya ci gaba da fiɗa.

Da kaka ta yi aka kira dambe a Ɗan Barto ranar kasuwa. Wanda ya fito masa Tanko ne, mahaucin Tsauni, mutum mai girman jiki da ban taɓa ganin irinsa a dandali ba. Sun san juna, sun sha cin tuwo a akushi ɗaya a wajen cirani, amma ba su taɓa karawa ba. Na ja Mamman bayan wata rumfa ina naɗa masa hannu. Ina sane na ɗan ja lokaci, ko wani abu zai faru a fasa. Ya ce, "Yaya, matse mana. Lalle kake ƙunsa mini?" Na matse.

A turmin farko ya yi yadda ya saba, ya miƙa kai yana matsowa. Tanko ya sauke masa hannu daidai wurin da aka doka a Kano. Na ji ƙarar daga inda nake tsaye. Ƙafafun Mamman suka lanƙwashe, ya yi gaba, buɗaɗɗen hannunsa ya nufi ƙasa. Taro ya yi tsit. Saura kaɗan yatsunsa su taɓa yashi, sai ya damƙe idon sawunsa, ya tsaya a duƙe yana rawa kamar ɗan maraƙin da aka haifa yanzu. Sannan ya miƙe. Ihun da aka yi ranar, an ce har a gonakin bayan gari an ji. Mata suna guɗa, maza suna jefa huluna sama, Nomau yana kiran sunansa kamar zai tsage maƙogwaro.

Da aka raba su ya zo wajena. Jini yana fita ta kunne da hanci, idonsa ɗaya ya fara rufewa. Na zuba masa ruwa a ka, na ce ya isa. Bai ko dube ni ba. Na je wajen Sarkin Fawa, wanda shi ke raba 'yan dambe ranar, na ce, "Sarki, a raba damben nan, yaron nan ba lafiya." Dattijon ya je ya tambaye shi, Mamman ya ce lafiyarsa lau. Sarkin Fawa ya dawo ya buɗa hannu, ya ce, "Mutum yana tsaye da ƙafarsa, ya ce zai yi, da wane baki zan hana shi?" Na juya ga Nomau na ce ya sassauta kiɗan. Ya ce, "Idi, dubi mutanen nan. In na sauke kalangu ni za su ci." Ko da ya sauke ma, makaɗan Tsauni suna can suna yi.

Turmi na biyu ba dambe ba ne, jibga ce. Mamman ba ya ganin hannun in ya taso ta hagu. Tanko ya doke shi a goshi, fatar ta tsage, jini ya rufe masa fuska har ƙirji. Ya doke shi a baki, leɓen ya rabu. Duk sanda ya yi tangaɗi sai ya buɗe ƙafafu ya kafe. Ina kusa, na ji lokacin da suka haɗa ƙirji Tanko yana haki yana cewa, "Mamman, don girman Allah ka dafa. Hannuna ya gaji da kai." Mamman ya tofar da jini a kafaɗarsa, ya ce, "In ka gaji, kai ka dafa."

A na uku Tanko ya daina kai naushi. Ya koma neman ƙafa, yana ƙoƙarin ya share shi ya faɗi a huta. Kowa ya gane abin da yake yi, har wasu suka fara yi masa ihu wai tsoro yake ji. Mamman ma ya gane, kuma wannan ne ya fi ƙona masa rai. Da Tanko ya sake kawo shuri sai ya tsallake, ya shige ciki, ya tara duk abin da ya rage masa ya zuba a hancin Tanko. Hancin ya baje. Mutum in an fasa masa hanci ba ya tunani. Tanko ya yi ƙara, ya ɗaga hannu tun daga baya ya sauke a tsakiyar kan ƙanena, kamar yadda muke sara ƙashin sa. Mamman ya sandare. Idonsa a buɗe amma ba kowa a ciki. Bai faɗi ba. Sarkin Fawa ya ruga ya shiga tsakani, ya ce an tashi babu wanda ya kayar da wani.

Samari suka ɗauke shi a kafaɗa suka zaga kasuwa da shi. Ya dawo hayyacinsa har ya ɗaga musu hannu. Mun iso gida, ya sha fura kaɗan, ya tambaye ni ko na ga fuskar Tanko. Washegari ya tashi da amai, maganarsa ta karkace, hannun dama ya ƙi motsi. Muka roƙi direban wata kamiyo, babbar motar gyaɗa, da za ta Damagaram ya taimaka mana zuwa wajen lokotoro, wato likita. Muka kwantar da shi a kan buhuna, kansa a cinyata. Ba mu kai rabin hanya ba numfashin ya tsaya. Na buga wa direba, ya tsaya, ya cire hularsa, ya juya da mu. Allah ya jiƙan Mamman, ya yafe masa jinin da ya zubar, nasa da na mutane.

Duniya ta sake kama tun daga lokacin. Yanzu ko'ina ka zauna maganar zaɓe ake yi da ta mulkin kai, yaran garinmu suna zuwa lakwal, makarantar boko, ni da furfurata ina karanta jarida. Sau da yawa nakan tambayi kaina me Mamman zai ce da abubuwan da nake gani. Bara a Kano wani abokin aikina ya ja ni Sabon Gari kallon damben Turawa. A kan dandamali ake yi, an kewaye shi da igiya. Hannu biyu ake sa wa safa ta fata mai taushi kamar matashi, ƙararrawa ce take raba su. Kafin a fara sai an ɗora kowa a sikeli, ba a haɗa ƙarami da babba. A ajinmu kuma malaminmu ya taɓa kawo jarida mai hoton wani ɗan dambe na wata ƙasa mai nisa a bayan teku, wai ita Ajantina. An ce shi ne gwanin duniya duka a cikin marasa nauyi. Na daɗe ina kallon hoton. Gajere ne, mai kaurin wuya, tsayuwarsa irin ta ƙanena. Na san da Mamman ya gani dariya zai yi, ya ce, "Wato auna shi suke yi kamar buhun gyaɗa, su nemo masa daidai shi? To ina damben?" Amma na san kuma zai karɓi jaridar ya sake dubawa in ba kowa a wurin. Mutum mai tsawonsa, duniya duka ta san shi, kuma ba sai raƙuma sun tattake shi ba.

Ba duk abin da na gani a Sabon Gari ne ya burge ni ba. A wajensu in mutum ya faɗi sai a tsaya ana ƙirga masa, in ya tashi a ci gaba da dukansa. Wannan namu ya fi shi imani. Amma akwai abu guda. Wani yaro ya sha duka har ba ya gani, yana tsaye ya ƙi faɗuwa, sai na ga wani dattijo daga gefensa ya jefa tawul cikin fili, nan take aka tsayar. Na tambayi abokina, ya ce ai mai kula da ɗan dambe yana da ikon ya ce ya isa, ko ɗan damben ya so ko bai so ba. Ban ƙara ganin sauran wasan ba. Na fita waje na zauna a bakin kwata har aka tashi. Mu ba mu da wannan. A wajenmu mutum shi kaɗai ne zai ceci kansa, da tafin hannunsa, a gaban garinsu duka.

To me ya rage na Mamman? Sunan yana nan. Har yau in makaɗa suka ɗauki takensa sai ka ga tsofaffi sun gyara zama. Samarin da ba su taɓa ganinsa ba suna rantsuwa da shi, labarin Ɗan Barto kuma kullum ƙara tsawo yake, har na ji wani yana cewa a tsaye ya mutu a tsakiyar fili. Tanko bai sake ɗaure hannu ba. Ya bar fawa ma, ya koma noma. Kowace kaka yakan zo da damin gero ya jingine a ƙofar gidanmu, mu gaisa, ya ƙi shiga, ya juya. Hancinsa a karkace yake har yanzu.

Sai kuma Lawali, ɗan Mamman na fari, wanda na riƙe tun rasuwar uban. Ya zama saurayi, yana fawa tare da ni, ga shi gajere mai wuya. Da aka fara girbin bana ya zo ya tsuguna gabana da tsumma da igiya. Na san ranar za ta zo. In na ƙi, wani zai ɗaure masa, Nomau kuma tuni ya fara kiransa ɗan Turke in ya wuce. Na ce zan ɗaure, amma sai ya rantse mini da Allah cewa duk ranar da ƙafarsa ta lanƙwashe zai dafa ƙasa. Ya ce, "Baba Idi, mahaifina bai taɓa ba." Na ce na sani, ni na ɗauko shi daga mota. Sai ya rantse, yana kallon gefe.

A Tsauni ya shiga. Turmin farko ya yi kyau, har ya fasa wa abokin karawarsa gira. A na biyu aka same shi a muƙamuƙi. Na ga gwiwoyinsa sun saki, na ga ya yi gaba, na ga hannun ya tsaya a iska. Yana iya kafewa, jinin ubansa ne. Ya juyo ya dube ni ta cikin taro. Sannan ya shimfiɗa tafinsa a yashi.

An yi masa ihu ba kaɗan ba. Wani ya ce turken bana na kara ne. Nomau ya sauke kalangu ya kau da kai. Lawali ya tashi, ya kwance igiyar da haƙoransa, ya jefar a gabana, ya kama hanyar Matameye shi kaɗai yana kuka. Tun ranar gaisuwa kawai ke haɗa mu, ita ma a taƙaice. Ban sani ba ko zai yafe mini, ko baɗi zai nemi wani ya ɗaure masa. Ina rubuta wannan ne a zaure da hantsi, shi kuma yana tsakar gida da kumburarren baki, yana saran ƙashi da ƙarfin da ya wuce na aikin. Uwarsa ta leƙo ta ce ya rage, zai fasa mata akushi. Ya ce to. Bai rage ba.